Kitsen jini da sukari: ɓarnar da suke haɗuwa su yi a jijiyoyin wuya

A yawancin gidajen da ke da mai ciwon sukari za ka tarar da 'yar na'urar nan ta awo a gefen gado ko cikin durowa. Da asuba a huda yatsa, a ɗiga jini, a jira lamba. In ta nuna 110 a yi hamdala, in ta haura 200 a shiga tuhumar tuwon jiya. Wannan kulawa abin yabo ce. Amma ka tambayi mutumin nan yaushe rabonsa da auna kitsen jininsa, sau da yawa amsar ita ce bai taɓa ba, ko an taɓa yi sau ɗaya, takardar ma ta ɓata. A ganina nan ne babban giɓin yake. Abin da ya fi kashe masu ciwon sukari na manya, ko ya kwantar da su, cutar jijiyoyin jini ce, wato bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kuma sukari ba shi kaɗai yake wannan aika-aika ba. Yana da abokin tafiya, wato kitsen jini, kuma a wajen manyan jijiyoyi abokin ya fi shi hannu.

Wuya shi ne inda aka fi sauƙin ganin ɓarnar. Ka ɗora yatsu biyu a gefen maƙogwaro, a hankali, gefe ɗaya kawai, za ka ji jini yana bugawa. Babbar jijiya ce mai faɗin milimita 6 zuwa 7, akwai 'yar uwarta a ɗaya gefen. Daidai saman maƙogwaro kowacce ta rabu biyu: reshe ɗaya ya shayar da fuska da fatar kai, ɗayan ya shige ƙoƙon kai ya kai jini ga ido da mafi yawan ƙwaƙwalwa. Akwai wasu ƙanana guda biyu da ke bi ta cikin ƙasusuwan wuya ta baya. Nauyin ƙwaƙwalwa bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da mutum ke amfani da ita, kuma ba ta da ajiya. Da jini ya yanke mata na 'yan mintoci, ƙwayoyinta sun fara mutuwa.

Yawancinmu mun ɗauka man da aka ci ne yake zuwa ya daskare a cikin jijiya har ya toshe hanya. Ba haka abin yake ba. Kolestarol, wanda shi aka fi nufi idan an ce kitsen jini, abu ne da jiki ba ya rayuwa sai da shi. Da shi ake gina bangon kowace ƙwayar halitta, da shi ake haɗa ruwan matsarmama da wasu sinadaran jiki, kuma jiki ne da kansa, musamman hanta, ke ƙera mafi yawansa. Da yake mai da ruwa ba sa haɗuwa, ana ƙunshe shi cikin wasu mitsi-mitsin ƙunshi masu yawo a jini. A takardar gwaji da haruffa ake rubuta sunayensu. LDL shi ne mai ɗaukar kolestarol ya zaga jiki da shi. HDL yana kwaso wani ya mayar hanta. TG kuma wani nau'in kitse ne daban, wanda jiki ke adana rarar abinci da shi.

Matsala tana farawa ne idan LDL ya yi yawa. Cikin kowace jijiya akwai wata shimfiɗa mai santsi, kaurinta ƙwayar halitta ɗaya tak. LDL yana ratsa wannan shimfiɗa ya shiga cikin bangon jijiyar kansa, ya maƙale, ya lalace. Fararen ƙwayoyin jini masu tsaron jiki su ga baƙon abu, su bi shi su haɗiye, su cika maƙil da maiƙo, da yawansu su mutu a wurin. Shekara da shekaru ana haka, sai a samu dunƙulen maiƙo da matattun ƙwayoyi a cikin bango, jiki ya lulluɓe shi da wata fata. Ya fi kama da maruru, sai dai shi ba ya zafi ba ya zugi, kuma ranar da ya fashe ita ce ranar tashin hankali. Jini yana ɗaukar fashewar a matsayin rauni, nan take ya daskare a kai. Gudan jinin ko dai ya toshe jijiyar a nan wuya, ko kuma, abin da ya fi faruwa, ɓarɓashinsa ya ɓalle ya bi jini zuwa sama, ya je ya tsaya a wata ƙaramar jijiya cikin ƙwaƙwalwa. Shi ya sa girman dunƙulen ba shi kaɗai ne abin tsoro ba. Wanda ya taurare, mai kaurin fata, yana iya shekaru bai taɓa mai shi ba. Mai laushi, mai siririyar fata da kumburi a ciki, yana iya fashewa alhali bai rufe rabin hanya ba.

Wurin da dunƙulen ke fitowa ma ba kame ba ne. Inda jijiya take miƙe jini yana gudu sumul, kuma shi kansa gudun yana taimaka wa shimfiɗar ta zauna lafiya. A mararrabar nan ta saman maƙogwaro kuwa jijiyar tana ɗan buɗewa, jini ya riƙa juyawa yana jinkiri a gefe ɗaya, LDL ya samu sararin shiga.

Cewa kolestarol ne tushen abin ba sabon zance ba ne. A 1913 wani matashin likita ɗan Rasha, Nikolai Anichkov, ya ciyar da zomaye kolestarol, ya tarar jijiyoyinsu sun yi irin dunƙulen da ake gani a mutane. An daɗe ana cewa ai zomo ba mutum ba ne. Hujjar da ta fi ƙarfi daga mutane ta fito. Akwai waɗanda ake haifa da gadon hantar da ba ta iya kwashe LDL daga jini yadda ya kamata, kusan mutum ɗaya cikin 250 zuwa 300. Za ka gan su sirara, ba sa shan taba, amma jijiyoyinsu sun fara lalacewa tun suna samari, wanda ya gada ta uwa da uba duka kuwa yana iya samun bugun zuciya tun yana yaro. Michael Brown da Joseph Goldstein na Amurka sun samu lambar Nobel a 1985 saboda gano yadda hakan ke faruwa. Don haka mai cewa "ni ai ba ni da ƙiba" bai faɗi komai game da jininsa ba, musamman idan a danginsu ana mutuwar farat ɗaya kafin shekara 55.

To ina sukari ya shigo? Tun kafin a ce mutum yana da ciwon sukari, shekaru kafin na'ura ta nuna wani abu, jikinsa yakan fara daina sauraren insulin, sinadarin da jiki ke fitarwa don saukar da sukarin jini. Shi insulin ba sukari kaɗai yake yi wa iyaka ba, shi ne kuma ke tsare kitse a ma'ajiyarsa. Idan ƙarfinsa ya ragu, kitsen teɓa ya riƙa kwarara cikin jini, ya isa hanta, hanta ta ƙunshe shi ta sake turo shi. TG ya hau, HDL ya sauka, LDL kuma ya canza kama: ƙunshin ya ƙanƙance, ya ƙara yawa, ya fi daɗewa a jini, ya fi saurin ratsa bango. A nan ne takardar gwaji ke iya ruɗar mutum. Lambar LDL tana faɗin yawan kolestarol ɗin da ke cikin ƙunshin ne, ba ta ƙirga ƙunshin kansu. Mai ciwon sukari yana iya ganin 110 ya ce ba laifi, alhali ƙunshin da ke yawo a jininsa sun fi na wani mai 110 ɗin yawa sosai. Likitan da ya lura yakan cire HDL daga jimillar kolestarol ya duba abin da ya rage, domin wannan ragowar ta fi faɗin gaskiya game da irin wannan mutum, kuma ba ta buƙatar ko sisi na ƙarin gwaji.

Shi kansa sukarin idan ya yi yawa yana manne wa furotin a jiki, har da na LDL, sai hanta ta kasa kwashe shi da wuri. Yana gajiyar da shimfiɗar nan mai santsi, ta rage fitar da sinadarin da ke sa jijiya ta saki jiki, kuma jinin mai ciwon sukari ya fi saurin daskarewa. Wani babban nazari da aka buga a 2010, wanda ya tattara bayanan mutane kusan 700,000, ya nuna ciwon sukari yana ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki ta toshewa fiye da sau biyu.

Da jin haka mutum zai ce to a danne sukari, magana ta ƙare. Likitoci ma haka suka yi fata, amma gwaji bai ba su yadda suke so ba. A Birtaniya an bi dubban masu ciwon sukari na manya shekaru da dama, aka fitar da sakamako a 1998: matsa wa sukari ya kare ƙananan jijiyoyi, na ido da ƙoda, da kusan kashi 25 cikin 100, amma shanyewar ɓarin jiki ba ta ragu ba. Amfanin da zuciya ta samu sai bayan wasu shekaru 10 ya fito fili. A 2008 a Amurka da Kanada aka dakatar da wani ɓangare na gwajin ACCORD mai mutane sama da 10,000, domin waɗanda aka tilasta wa sukarinsu sauka ƙasa sosai da tarin magunguna sun fi mutuwa, kuma yawancinsu mutane ne da suka daɗe da ciwon. Ba wai sukari ba shi da tasiri a wuya ba. Masu ciwon sukari na yara da aka kula da su sosai tun farko, an duba jijiyoyin wuyansu shekaru bayan haka, rahoton 2003 ya nuna bangonsu bai yi kauri da sauri kamar na sauran ba. Abin da ake fahimta shi ne ribar kula da sukari ga manyan jijiyoyi tana zuwa a hankali, kuma wanda ya fara da wuri ya fi cin moriyarta.

Yanzu ka dubi abin da ya faru da aka taɓa kitsen. A 2004 an buga gwajin CARDS na Birtaniya da Ailan: masu ciwon sukari 2,838, ba wanda ya taɓa bugun zuciya, kuma LDL ɗinsu ba wani mai yawa ba ne. Rabi aka ba ƙaramin awo na maganin rage kolestarol, miligiram 10 a rana. Shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 48 cikin 100, har aka tsayar da gwajin kafin wa'adinsa saboda bambancin ya fito ƙarara. A Danmak kuma, a gwajin Steno-2, an ɗauki mutane 160 masu ciwon sukari da ƙodarsu ta fara taɓuwa, rabi aka kula da komai nasu lokaci guda, sukari da kitse da hawan jini da abinci da taba. Cikin shekaru kusan 8 matsalolin zuciya da jijiya sun ragu da kusan rabi, kuma da aka waiwaye su bayan shekaru 21 an ga sun samu ƙarin rayuwa ta kusan shekaru 8. Ban san wata hujja da ta fi wannan nuna cewa kallon sukari shi kaɗai bai isa ba.

A 'yan shekarun nan ana ta buga bincike, da yawa daga ƙasar Sin, kan wani lissafi da ke haɗa TG da sukarin safe kafin karin kumallo ya fitar da lamba ɗaya, ana ce masa TyG. Masu bincike a Meziko ne suka gabatar da shi a 2008 a matsayin hanya mai arha ta gane jikin da ya daina sauraren insulin, kuma nazarce-nazarce da dama sun nuna masu babbar lamba sun fi samun dunƙule a wuya. Tunanin yana da ma'ana. A 2016 ma gwajin IRIS ya nuna cewa mutanen da suka taɓa shanyewa, ba su da ciwon sukari amma jikinsu ba ya jin insulin, maganin da ya gyara wannan ya rage musu sake shanyewa ko bugun zuciya da kusan kashi 24 cikin 100, ko da yake ya zo da ƙiba, kumburin ƙafa da karayar ƙashi. Sai dai har yanzu ba a yi ittifaƙi kan iyakar da za a ce TyG ya yi yawa ba, kuma akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. An daɗe da lura cewa baƙar fata, musamman 'yan asalin Afirka ta Yamma, TG ɗinsu ba ya hawa sosai ko da jikinsu ya daina jin insulin. Ma'aunin da aka gwada a kan mutanen Sin ko Meziko yana iya wanke Bahaushen da ke cikin haɗari. Wanda ya ga TG ɗinsa ƙasa da 150 kada ya saki jiki, ya duba HDL, wanda ba a so ya gaza 40 ga namiji da 50 ga mace, sannan ya duba ƙugunsa. Wannan awon ba ya son kuɗi: ka yanki igiya daidai tsayinka, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka daidai wajen cibiya. In bakinta biyu ba su haɗu ba, teɓa ta wuce kima.

Gwajin HbA1c ma, wanda ke nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku, kuma daga 6.5 ake cewa ciwon sukari ne, ba a dogara da shi ga mai sikila, domin jajayen ƙwayoyin jininsa ba sa daɗewa. Mai AS ma wasu na'urori suna ba da lambar da ba daidai ba. A Najeriya, inda kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da wannan gado, ya kamata mutum ya gaya wa likita ko shi AS ne ko SS kafin a fassara sakamako. Sukarin safe kuwa iyakarsa sananniya ce: daga 126 ciwon sukari ne idan an maimaita an tabbatar, tsakanin 100 da 125 kuma mutum yana bakin ƙofa.

Muna da namu binciken, kuma ya cancanci a san shi. SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan da abokan aikinsa suka jagoranta a asibitoci 15 na Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ya kwatanta mutane 2,118 da suka shanye da wasu 2,118 masu lafiya, aka buga a 2018. Hawan jini ne ya yi wa komai fintinkau: lissafi ya nuna yana da hannu a kusan kashi 91 cikin 100. Matsalar kitsen jini ta zo da kusan kashi 36, ciwon sukari kusan 22, ƙarancin cin ganye kusan 18. Lambobin sun haura 100 idan an tara domin mutum ɗaya yakan haɗa biyu ko uku. Wani abin lura kuma, kusan kashi ɗaya cikin uku na shanyewar fashewar jijiya ce a ƙwaƙwalwa, ba toshewa ba, adadin da ya fi na Turai nesa. Sannan an san cewa a baƙar fata dunƙulen yakan fi zama a jijiyoyin cikin kai fiye da yadda yake a Turawa. Ma'ana, a wajenmu wuya mai tsabta ba shaidar tsira ba ce, kuma duk maganar kitse da sukari da ba ta haɗa da awon hawan jini ba, ta bar babban a waje.

Duba wuyan kansa abu ne mai sauƙi. Irin na'urar sikanin da ake duba mai juna biyu da ita ce. Mutum ya kwanta rigingine, a ɗan karkatar da haɓarsa gefe, a shafa masa man nan mai sanyi, a ɗora kan na'urar. A allo jijiyar tana fitowa baƙa, bangonta na nesa kuma ya fito da layi biyu farare sirara. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce kaurin bango, kuma a mai lafiya ba ta kai milimita ɗaya ba. Wani likita ɗan Italiya, Paolo Pignoli, da abokansa ne suka tabbatar da wannan awo a 1986. Idan an kunna launi sai a ga jini ja yana wucewa, inda hanya ta ƙuntata kuma gudunsa ya ƙaru, da saurin ne ake ƙiyasta yawan toshewar. Abin sha'awa ne, shi ya sa ake saurin tallata shi cikin jerin gwaje-gwajen "duba lafiya gaba ɗaya". Ni ban goyi bayan haka ga kowa da kowa ba. Ɗan ƙarin kauri na bango sau da yawa shekaru ne da hawan jini, kuma sauyinsa daga shekara zuwa shekara bai kai kuskuren awon kansa ba. Ganin dunƙule na gaske ya fi ma'ana. Duk da haka kwamitin da ke ba da shawara kan rigakafi a Amurka ya sake nanatawa a 2021 cewa kada a riƙa duba wuyan mutanen da ba su da wata alama, domin sakamakon kuskure yana kai mutane ga tiyatar da ita kanta tana iya jawo shanyewa. Mai ciwon sukari ɗan shekara 50 da hawan jini ba ya buƙatar hoto kafin a san yana cikin haɗari. Kuɗin hoton ya fi amfani a maganin wata uku. Haka kuma ciwon wuya ko nauyin ƙeya da mutane ke kawowa ba alamar wannan dunƙule ba ne.

Abinci yana da rawar da yake takawa, amma a rarrabe. Abin da ke ɗaga LDL shi ne kitsen da ke daskarewa in ya huce: kitsen nama, man shanu, da manja wanda kusan rabinsa irin wannan ne. Man gyaɗa da na waken suya sun fi sauƙi, muddin ba wanda aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi ba ne. Abin da ke ɗaga TG kuwa sau da yawa ba mai ba ne, zaƙi ne. Ka tsaya teburin mai shayi ka ƙirga: cokali uku ko huɗu na sukari, madarar gwangwani, ga burodi. Lemon kwalba ɗaya na santilita 33 yana ɗauke da sukari kusan giram 35, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kusan giram 50 a yini, rabin haka ma ya fi. Hanta ce ke karɓar rarar ta juya ta kitse. Abin da ke ba ni takaici shi ne maganin yana cikin abincinmu na gado da muke gudu: gero da dawa da ba a surfe su fes ba, wake, zogale, rama, kuka, kuɓewa, gyaɗa. A Amurka an nuna a 2002 cewa mutanen da ke bakin ƙofar ciwon sukari, da aka sa su rage kusan kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin 100, fiye da abin da magani ya yi.

Sai dai abinci shi kaɗai ba kasafai yake saukar da LDL inda ake so ga mai babban haɗari ba. A nan magungunan sitatin suke shigowa, irin su atorvastatin da rosuvastatin kamar yadda ake rubuta su a kwali. Akira Endo na Japan ne ya gano na farko a jikin wata fumfuna a shekarun 1970. Suna rage ƙera kolestarol a hanta, sai ta koma tana zuƙe LDL daga jini. Duk saukar LDL da maki 39 yana rage manyan matsalolin jijiya da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ba sa share dunƙulen da ya riga ya zauna, amma suna rage masa maiƙo su kauraro fatarsa, ya rage saurin fashewa. Shawarar da aka fi bi ita ce mai ciwon sukari daga shekara 40 zuwa 75 ya kasance a kan sitatin ko da lambarsa ba ta yi yawa ba, wanda ya taɓa shanyewa ta toshewa kuma a kai LDL ɗinsa ƙasa da 70. Suna da nasu: wasu suna jin ciwon tsoka, suna ɗan ɗaga sukari kaɗan, kuma ba a ba mai ciki. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sha wata biyu, a auna a ga lamba ta sauka, a ce an warke. Da an daina, cikin 'yan makonni take komawa inda take. Masu tallan jiƙo "mai narkar da kitsen jijiya" kuwa, a tambaye su wa ya auna.

Akwai mutum ɗaya da duba wuyansa ba ya jiran gobe: wanda alamar shanyewa ta zo masa ta wuce. Likitan da ya jawo hankali gare shi ɗan Kanada ne, Miller Fisher, a 1951, bayan ya lura da marasa lafiya da ke cewa kafin su shanye idonsu ɗaya yakan rufe na ɗan lokaci ya buɗe, sannan ɓarin da ya mutu shi ne na ɗaya gefen. Alamar takan zo haka: mutum yana shan shayi kofi ya suɓuce daga hannunsa, ko bakinsa ya karkace, ko magana ta sarƙe ya kasa kamo kalmar da ya sani, ko ido ɗaya ya yi duhu daga sama zuwa ƙasa. Bayan minti biyar ko goma komai ya dawo daidai. A gida sai a ce gajiya ce, ko jiri, ko iska ce ta shafe shi, a yi addu'a a kwanta. Addu'a tana da muhallinta, amma a yi ta a hanyar asibiti. Ɓarɓashi ne ya wuce ya narke, dunƙulen da ya sako shi yana nan a buɗe, kuma haɗarin babbar shanyewa ya fi yawa a kwanakin farko. A Oxford ta Ingila an nuna a 2007 cewa fara magani nan take, maimakon jiran layin asibiti, ya saukar da shanyewa cikin wata uku daga kusan kashi 10 cikin 100 zuwa kusan 2.

Idan sikanin ya nuna jijiyar gefen da abin ya fito ta ƙuntata da kashi 70 zuwa sama, tiyata tana da amfani babba. Ana buɗe jijiyar a ɓare dunƙulen, ko a saka ƙaramin bututun raga ya buɗe hanya. Gwajin NASCET na 1991 ya nuna cikin shekaru biyu kashi 26 cikin 100 na waɗanda aka bari a kan magani kaɗai sun shanye a wannan gefe, waɗanda aka yi wa aiki kuwa kashi 9 ne, kuma ribar ta fi yawa idan an yi cikin mako biyu. Irin wannan aiki ba ko'ina ake yin sa a ƙasashenmu ba, wanda hakan ke ƙara wa magani da wuri nauyi. Idan kuwa alamar ba ta wuce ba, a lura da ƙarfe nawa ta fara, domin allurar narkar da gudan jini, inda ake da ita, galibi cikin awa huɗu da rabi ake yin ta. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko abinci, haɗiyarsa tana iya lalacewa ya shaƙe. In da na'urar awo a gida a duba sukarinsa, domin faɗuwar sukari ga mai shan magani tana kwaikwayon shanyewa. Kuma kada a ba shi asfirin kafin a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, tunda a yankinmu ɗaya cikin uku zubar jini ce, asfirin kuwa ƙara ta zai yi.